Wanda Ya Biya Kuɗin Jam'iyya, Shi Ke da Ita

Duk inda aka zauna hirar ƙasa, a majalisar ƙofar gida ko a teburin mai shayi, ba ka rasa wanda zai kaɗa hannu ya ce, "Ni fa ba ruwana da siyasa." Yawanci mutumin kirki ne ke faɗar haka, mai neman halaliyarsa, wanda ba ya cin haƙƙin kowa. Kuma na san abin da ke sa shi faɗa. Ya ga 'yan jagaliya da gora da wuƙa a bayan motar ɗan takara. Ya ji sojojin baka a rediyo suna cin mutuncin dattijan da suka yi jika da su. Ya ga wanda jiya yake rantsuwa da lema, yau yana ɗaga tsintsiya, gobe kuma Allah kaɗai ya san inda zai kwana. Duk mai kunya in ya ga wannan sai ya ja da baya.

Sai dai ja da bayan ba ya fitar da kowa. Ranar 29 ga Mayun 2023, a Dandalin Eagle da ke Abuja, sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya zagayo litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. Mai adaidaita sahu ya ƙara kuɗin mota, mai injin niƙa ya ƙara, kwanon masara ya bi su. Ba a ware wa wanda "ba ruwansa da siyasa" nasa farashin daban ba. An yanke hukunci a kan tukunyar gidansa, shi ne dai bai halarci zaman ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutumin nan gwanin siyasa ne, bai dai ɗauki abin da yake yi a matsayin ita ba. Bari taransifomar unguwa ta ƙone ka gani. Bayan sallar isha'i a tsaya a ƙofar masallaci, a zaɓi mutum biyar ko bakwai, a ce wane ne ma'aji, wane zai riƙe littafi. A yi gardama mai zafi a kan ko mai walda da mai sayar da ƙanƙara za su biya daidai da bazawarar da ƙwai biyu kawai take kunnawa. A ƙarshe a yi musu kaso mai tsoka, ita kuma a rage mata ko a yafe. Samari su bi gida-gida da littafi mai layi, kowa ya ba da nasa a rubuta a gabansa. In aka yi mako biyu wuta ba ta dawo ba, shi mutumin namu ne zai fara tsayawa ya ce a kawo littafin a karanta, nawa aka tara, nawa aka ba ma'aikata, ina rasit. Ma'aji kuwa in lissafinsa ya ƙi cika, ya daina zama a sahun gaba.

Wannan ita ce siyasa tsagwaronta. Mutane sun haɗu a kan abin da ba mai iya mallakarsa shi kaɗai, sun yi shawara a kan wa zai ɗauki nawa, sun ba wasu amana, sun kuma bi sawun amanar. Haka ake yi a ƙungiyar 'yan kasuwa, haka a kwamitin masallaci da na coci, haka a tsakanin manoman fadama in ana rabon ruwa. Tunda ɗan Adam ba ya rayuwa shi kaɗai, ba shi da hanyar kauce mata. Tambayar da ke damuna ita ce, me ya sa wanda ya iya titsiye ma'aji a kan naira dubu biyu bai taɓa tambayar shugaban ƙaramar hukumarsa nawa ya shigo a watan jiya ba?

Amsar da na gamsu da ita gajeriya ce. Kuɗin taransifoma daga aljihunsa ya fita, yana jin zafinsa. A siyasar jam'iyya kuwa kuɗi ya juya akala. Maimakon ya tashi daga hannun mutane ya hau sama, daga sama yake gangarowa, kuma duk wanda aka miƙa wa ba ya iya ɗaga murya a gaban mai miƙawa.

Ba haka aka faro ba, kuma mu a Arewa muna da shaida a gida. Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Maitama Sule da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya karɓi jagorancinta bayan 'yan shekaru. Su wane ne suka cika ta? Teloli, mahauta, 'yan koli, malaman zaure, manoma, masu wankin hula. Mutum ya yanki katin jam'iyya da kuɗinsa, ya taka da ƙafa ko ya hau keke zuwa wajen lacca, kuma ya san abin da ke jiransa. A wancan zamanin 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk a hannun En'e suke, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, En'e kuwa tana tare da NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa. Ana iya ɗaure ɗan NEPU don ya yi taro ba izini, ko a ce ya zagi sarki, ko a ninka masa haraji, ko a hana shi rumfa a kasuwa. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a Kano, amma a matakin ƙarshe aka cusa wakilan da En'e ta naɗa, sakamakon ya juye. Duk da haka mutane ba su watse ba.

Hajiya Gambo Sawaba tana yarinya ƙarama ta shiga wannan gwagwarmaya daga Sabon Garin Zariya. An yi mata duka, an aske mata kai, an kore ta daga Kano, masu tarihinta sun ƙidaya ɗauri goma sha shida. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne, duk tsawon wannan wahala ita kanta ba ta da ƙuri'a. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, na Arewa an hana su, sai a 1976 ƙofar ta buɗe, kuma 1979 ne babban zaɓen ƙasa na farko da suka shiga. Mace ta yi sama da shekara ashirin tana siyasa ba tare da ta taɓa ganin cikin akwatin zaɓe ba. Duk wanda ya ɗauka siyasa ita ce dangwala yatsa sau ɗaya a shekara huɗu, ya dubi rayuwar wannan baiwar Allah.

Ba ina cewa zamanin nan aljanna ba ne. An yi daba a lokacin ma, an yi zage-zage har a waƙa, 'yan'uwa sun daina gaisawa, an raba aure saboda bambancin jam'iyya. NEPU ma ba da kuɗin kati kaɗai ta rayu ba, ta samu tallafi daga ƙawarta, jam'iyyar NCNC ta Kudu. Amma ɗan jam'iyya na wancan lokaci yana jin jam'iyyar tasa ce, don ya zuba mata kuɗinsa da guminsa, wani har da jininsa. Shi ya sa yake da bakin faɗa wa shugaba gaskiya. Kuma abin ya yi 'ya'ya. Da PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano da ta gaji NEPU, ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da talakawa suka yi shekara talatin suna kuka a kai. Ba kyauta aka yi musu ba, buƙatarsu ce da suka daɗe suna bi har ta zama manufar gwamnati.

A nan akwai wata magana mai ɗaci da nake ganin ya kamata a faɗa. Soke haraji daidai ne, domin yadda ake karɓarsa zalunci ne, mutane sun sayar da akuya da hatsin ci, wasu sun gudu sun bar garuruwansu. Amma ya zo daidai da zamanin da kuɗin mai ya zama abin da gwamnati ke rayuwa da shi. Yau gwamna da ciyaman, Abuja suke kallo a ƙarshen wata, inda ake rabon arzikin ƙasa, ba aljihun mutanen da suke mulka ba. Talaka kuma ya ɗauka kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne, in ciyaman ya gina rijiyar burtsatse sai a yi masa godiya kamar daga gadon mahaifinsa ya cira. Alhali har gobe muna biya. Akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kayayyaki da yawa da muke saya, akwai tikitin kasuwa, akwai na tasha, akwai na adaidaita sahu kullum safiya. An dai daina aiko dagaci da ɗan doka ƙofar gida, sai muka manta muna da bashi a kan hukuma.

Alƙaluman zaɓe suna nuna inda wannan ya kai mu. A 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista suka fita zaɓen shugaban ƙasa. A 2015 ya sauko wajen 44, a 2019 wajen 35, a 2023 kuwa bai wuce 27 ba. Mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajista, kusan miliyan 25 suka fito, wanda ya ci kuma ya ci da ƙuri'a ƙasa da miliyan tara a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Ana yawan zagin waɗanda suka zauna a gida da cewa ba su da kishi. Ni ban yarda da wannan zagin gaba ɗaya ba. Da yawansu sun lura da wani abu na gaskiya: kafin a kai ranar zaɓe, an riga an gama zaɓen da ya fi muhimmanci.

Tsarin mulkinmu bai yarda mutum ya tsaya takara ba sai jam'iyya ta tsayar da shi. Ke nan ƙofar mulki ɗaya ce, zaɓen fid da gwani. To su wa ke tsaron ƙofar? A 2022 daliget dubu biyu da 'yan ɗaruruwa ne suka fitar wa APC ɗan takarar shugaban ƙasa, na PDP kuwa ko dubu ɗaya ba su kai ba. Fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 aka sayar da shi, a PDP miliyan 40. Na majalisar wakilai a APC miliyan 10 ne, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na kusan shekara 28 bai taɓa ko sisi ba kafin ya sayi takardar kawai. A 2018 an rage shekarun tsayawa takara, aka yi murna cewa matasa sun samu hanya, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Amma matashin da ba shi da kuɗin fom dole ya nemi ubangida, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In ya hau kujera, wanda ya biya masa zai yi wa aiki, ba wanda ya sha rana a layi ba.

Ka leƙa ofishin jam'iyya na mazaɓarku. Galibi shago ne guda, an shafe shi da fentin jam'iyya, da hoton wani babba a jikin ƙofa, da benci biyu a ciki. Wa ke biyan hayarsa? Wani mai kuɗi ne, ko mai riƙe da muƙami. Shi ya sa shagon ke rufe da kwaɗo shekara uku, sai an buga gangar zaɓe a share shi. Ranar da za a zaɓi shugabannin mazaɓa, sau da yawa ba a ma ƙirga kowa, takarda ce ke zuwa daga sama da sunaye a rubuce, a ce an yi maslaha. Waɗannan sunayen su ne gobe za su zama daliget, ko su zaɓo daliget. Mutanen kirkin unguwa, malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti da babban ɗan kasuwa, ba ko ɗaya a wurin, domin sun ce ba ruwansu. In sun wayi gari sun ga an tsayar musu da wanda ba za su ba ajiyar naira ɗari ba, sai su ce ai siyasa ta lalace.

Game da matar da ke karɓar taliya da sabulu da turmin atamfa ranar zaɓe, ba zan shiga sahun masu yi mata wa'azi daga cikin mota mai sanyi ba. Ita lissafi ta yi, kuma lissafin yana da tushe. Ta ga zaɓe ya zo ya wuce sau da dama, asibitin garinsu bai samu magani ba, ajin ɗanta bai samu rufi ba. Abin da ta tabbatar zai shigo hannunta daga wannan ɗan takara shi ne abin da ya miƙo yau. Laifin da ya fi girma yana kan wanda ya mayar da yunwarta jari, sannan a kan mu da muke da ɗan abin hannu da ilimi muka bar mata filin ita kaɗai da shi. Amma gaskiya ɗaya ce, kuma ita ma ta san ta: daga ranar da ta karɓa, ɗan takarar yana ganin ya biya, ba ta bin sa komai.

Ƙaramar hukuma ita ce ya kamata ta zama makarantar da talaka zai koyi riƙe gwamnati, don ita ce kusa da shi. Muna da 774 a ƙasar nan, Kano kaɗai tana da 44 da mazaɓu 484. Amma dubi yadda zaɓensu ke kasancewa. A Janairun 2021 jam'iyyar da ke mulkin Kano a lokacin, APC, ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila duka. A Oktoban 2024 NNPP da ta karɓi mulki ita ma ta lashe duka. Haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce a sama. Ba mai hankalin da zai yarda cewa a faɗin jiha babu mazaɓa ko ɗaya da mutane suka fi son wani daban. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci ne mai kyau. Amma ko kuɗin ya sauka a asusun ƙaramar hukuma, in ba wanda zai je sakatariya ya tambayi yadda aka kashe shi, wurin ɓatan ne kawai ya canza.

Za a ce mini tambaya ba ta canza komai a Najeriya. Akwai inda ta canza. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Zamfara inda ake haƙar zinariya, ɗaruruwa suka rasu. Garin Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ya daɗe yana jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alƙawari don a kwashe gurɓatacciyar ƙasar, likitoci kuma ba za su iya fara yi wa yara magani ba sai an kwashe. Wasu matasa, cikinsu da Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar, suka je garin, suka yi ta bibiya a kafafen sada zumunta da gidajen jarida da majalisa, tare da ƙungiyoyin agaji, har aka saki kuɗin a farkon 2013 aka fara aiki. Ba ranar zaɓe ba ce, ba kuma wanda ya tsaya takara a cikinsu. Sun riƙe magana ɗaya ne, takamaimiya, sun ƙi saki. Tun 2011 ma akwai dokar 'yancin samun bayanai da ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardun kashe kuɗi, mu ne ba mu cika amfani da ita ba.

Zanga-zanga ma hanya ce, kuma haƙƙi ce. Amma abin da ya faru a Agustan 2024 ya isa darasi. Yunwa ta fito da mutane a Kano da Kaduna da wasu garuruwa, an rasa rayuka, an fasa dukiya, daga baya muka ga yara ƙanana a gaban kotu a Abuja suna yanke jiki suna faɗuwa. Fushin gaskiya ne, amma ba shi da ƙungiyar da za ta riƙe shi, ba shugabannin da jama'a suka zaɓa su yi magana da yawunsu, ba wanda zai ci gaba da bin buƙatun bayan kwana goma. 'Yan NEPU ma suna da fushi, abin da suka fi mu shi ne reshe a kowace unguwa, da sakatare, da littafin sunaye.

Shi ya sa nake ganin gyaran zai fara ne daga wurin da ya fi kowane ƙanƙanta, kuma da kuɗinmu. Na san halin da ake ciki, na san akwai gidan da naira ɗari biyu kuɗin cefane ce. Amma unguwar da ta iya tara kuɗin taransifoma da na 'yan sintiri da na gyaran maƙabarta, ta iya biyan hayar shago guda. In mutum arba'in a mazaɓa suka yanki katin jam'iyyar da suka ga dama, kowace ce, suka riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, suka biya hayar ofis da kansu, suka sa ranar taro da rana tsaka yadda mata za su iya zuwa, ba ƙarfe goma na dare a gidan wani Alhaji ba, to ranar da takarda ta zo daga sama akwai waɗanda za su miƙe su ce a ƙirga. Ba lallai su yi nasara a karon farko ba. Za a yi musu barazana, za a nemi sayen biyu ko uku daga cikinsu, wataƙila a samu. Balarabe Musa kansa majalisar jihar da jam'iyyar NPN ta fi rinjaye a cikinta ta hana shi naɗa kwamishinoni, ta kuma tsige shi a 1981. Wanda ya shiga ya shiga da sanin haka.

Dokar zaɓe ta 2022 ta wajabta wa kowace jam'iyya ta ajiye rajistar 'ya'yanta, ta kuma miƙa wa hukumar zaɓe kafin ta yi zaɓen fid da gwani ko na shugabanni. Wanda sunansa ba ya cikin wannan rajista ba shi da ta cewa a ranar, komai yawan mabiyansa a Facebook, komai kyan hujjarsa a majalisar ƙofar gida. Kuma ba a makon zaɓe ake shiga ba. Ana shiga ne tun ofishin mazaɓa yana rufe da kwaɗo, a nemi sakataren har gida, a sa shi ya buɗe littafi ya rubuta sunan mutum a gabansa, ya ba shi kati da rasit.